Yadda Za Ka Ɓoye Shafinka a Ƙarƙashin Kantar Yayanka

Kana son shafin intanet da ba a san mai shi ba. Ba suna, ba unguwa, ba fuska. Ka faɗi abin da ke ranka, ka koma ka zauna kamar ba ruwanka. To, ka zo inda ya dace. Ka bi matakan nan yadda na jera su. Na yi maka alkawari, ko ƙwararrun duniya sun taru da na'urorinsu ba za su gano ka ba. Ƙwararru na ce.

1. Ka nemo ɓacin rai

Mai farin ciki ba ya buɗe ɓoyayyen shafi. Naka ɓacin ran ba ya da nisa. Ka gama sakandare, sakamako bai yi kyau ba, Inna ta tasa ka gaba har shagon yayanka na gyaran waya.

"Ga ƙaninka nan. Ka riƙe shi ya koyi sana'a. In ya bar nan, ban san inda zan kai shi ba."

Aka ba ka kujerar roba mai tsagaggen baya a ƙarshen kanta. Ita ce duk abin da ka mallaka a duniya. Aikinka shara, goge sikirin, miƙo sukudireba. Kuma a gaban masu kawo gyara yake kiranka.

"Farfesa, miƙo min tsumma."

Su yi dariya. Ka haɗiye, ka tara. Jarinka ke nan.

2. Ka samar wa shafin ɗaki

Shafi sai da kwamfutar da zai zauna a ciki, kullum a kunne. Wasu a can nesa suke ajiye tasu. Kai ba ka yarda da kowa ba. Akwai tsohuwar kwamfutar da wani ya kawo gyara bai sake waiwayarta ba. Batirinta ya mutu tuntuni, sai a jone take numfashi. Ka tura ta ƙarƙashin kanta, bayan kwalin matattun wayoyi, ka lulluɓe ta da tsumma. Ka jona ta a soket ɗin ƙasa. Ka haɗa ta da intanet ɗin shago.

Hikima: wurin da ya fi tsaro shi ne wurin da ba a sharewa. Kai ne mai shara.

3. Ka shige cikin albasa

Akwai hanyar da ake nannaɗe saƙo, ɓawo a kan ɓawo, ya bi ta hannun mutanen da ba su san juna ba kafin ya isa. Masu abin da albasa suke kwatanta ta. Mai karatu bai san inda kake ba, kai ma ba ka san inda yake ba. An yi ta ne don masu gudun azzalumai. Kai za ka yi amfani da ita a kan mutumin da ke biya maka kuɗin mota.

Za a ba ka adireshi, dogon zaren haruffa kamar kyanwa ta taka madannan kwamfuta. Ka kulle komai da kalmar sirri mai tsawo. Ka kashe duk ƙofar da ba ka buƙata. Ka liƙe idon kyamara da salatif. Ka sa baƙar riga mai hula, duk da zafin shago.

4. Ka raɗa wa kanka suna

Fatalwa. Ya isa.

Sai rubutu. Kada ka ambaci kowa. Ka ce "wani mai shago a layin masu gyara". Ka faɗi yadda yake goge ƙura a bakin caji, ya sa waya a aljihun tebur, ya ce wa mai ita injin ne ya ƙone, a dawo gobe. Ka faɗi yadda yake liƙa sikirin na jabu yana rantsuwa na asali ne. Rabin abin gaskiya ne. Sauran rabin kujerar roba ce ke magana.

5. Ka nemo masu karatu

A nan ake gane maza. Ka ɓoye shafin har ba wanda ya san yana nan. Za ka riƙa leƙawa ka ga baƙo ɗaya ya shigo. Kai ne.

Ba za ka jure ba. Ba wanda ke jurewa. Ka je wurin Dogo, mai sayar da caja a bakin ƙofa, ka rage murya.

"Na tsinci wani abu. Amma tsakaninmu."

Zai dubi adireshin ya dube ka.

"Wannan adireshi ne ko ciwon farfaɗiya?"

Ka sa masa manhajar da ke buɗe shi. Ya karanta, ya rufe baki da hannu, ya rantse ba mai ji daga gare shi. Kafin ka koma kujerarka layi ya ɗauka. Ka kwana biyu kana sa wa mutane manhajar, kana cewa kai ma ba ka san ko wane ne ba.

6. Ka daure in an yaba wa wani

Za a fara hasashe. Za a ce ai Injiniya ne, mai shagon da ke fuskantar naku, tunda shi da yayanka ba sa ga maciji. Za a tambaye shi. Ba zai amsa ba, ba zai musa ba. Murmushi kawai zai yi yana gyara gilashi. Har a fara ba shi hannu biyu.

Bakinka zai riga ka.

"Injiniya? Mutumin da bai san inda ake sa aya ba?"

Kowa zai juyo. Ka sunkuya ka goge sikirin da ka riga ka goge.

Dogo ne zai cece ka, bai sani ba.

"Ni abin da ke ba ni mamaki, Fatalwar nan ma'aikaciya ce. Muna rufe shaguna ta tashi, muna buɗewa ta dawo. Ko ita ma oga gare ta?"

Ka yi dariya tare da su. Kada ka tuna cewa Yaya yana kashe babban makunnin wuta kafin ya sa kwaɗo.

7. Ka tsaya da ƙafarka ranar da ya karanta

Ranar za ta zo da rana tsaka, shago a cike. Wata mata za ta ajiye wayarta a kanta, ta ce a gyara a gabanta, don ta ji labarin aljihun tebur. Bayan ta fita Yaya zai karɓi wayar Dogo. Zai karanta yana dariya. Dariyar za ta ragu. Ta tsaya.

"Farfesa, kai ne ɗan boko. Ka nemo min ɗan iskan nan."

"Ba a iya ganowa, Yaya. An nannaɗe shi. Ko hukuma..."

"To."

Zai jingina wayar da kwalbar gam, yana karatu yana aiki. Zai buƙaci injin hura zafi don ɗaga sikirin. Soket ɗin sama a cike. Zai miƙa hannu ƙasa ba tare da ya duba ba, ya zare filogin da ya fara taɓawa, ya jona nasa. Ya danna labari na gaba.

Ba ya buɗewa.

"Dogo, abinka ya mutu."

"Yanzu fa yana yi."

Zai gama hura zafi, ya zare nasa, ya mayar da wancan, don shi mutum ne mai mayar da abu inda ya same shi. Can ƙarƙashin kanta wata fanka za ta yi tari ta tashi. A jima, shafi ya dawo.

Yaya zai dubi wayar. Ya dubi ƙasa. Ya sake zarewa. Ya mutu. Ya mayar, ya naɗe hannu ya jira. Ya dawo. Bai san albasa ba, bai san kalmar sirri ba. Wuta ya sani.

Shawara: kada ka gudu. Ƙofar ma, Dogo ya tare ta, yana kallo.

8. Ka karɓi sakamako

Ba zai dake ka ba. Da ya fi sauƙi. Zai janye kwalin, ya ɗage tsumman, ya ɗora kwamfutar a kan kanta, ya hure mata ƙura.

"Wutata. Intanet ɗina. Tsummana ma." Ya juyo ya dube ka. "Maganar bakin caji gaskiya ce. Ai da ka faɗa min, ina nan zaune, ko taku biyu babu tsakaninmu."

Zai nuna maka ƙofa.

"Tashi, Fatalwa. Je ka gida ka gaya wa Inna da bakinka. In na riga ka, nawa za ta ji."

Zai ɗaga kujerar roba ya kife ta a kan kwali. Ka fita ta gaban shagon Injiniya. Zai ɗago maka hannu.

A gida za ka tarar da Inna tana ninke wanki. Za ta dubi agogo, ta dube ka.

"Lafiya ka dawo da rana?"

Wannan matakin ba ni da dabararsa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ruwansa da kujerar da aka kife, ko shirun da Inna za ta yi maka, ko sunan da layi zai bi ka da shi har ka yi furfura. Bai san ka ba, bai san yayanka ba, bai taɓa ganin soket ɗin ba. Mai ƙorafi ya rubuto ta shafin. Za a duba da zarar Yaya ya mayar da filogi.