Rasuwar Murhu, Wadda Ta Tafi da Muryar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da har yanzu ba su bushe ba, Mai Zane da iyalanta suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarta, wadda aka fi sani da Murhu. Ta cika da hantsi a kan teburin falo, tana tsakar aiki, bayan doguwar jinyar zafin jiki.

Marigayiya ta shigo gidan nan 'yar gwanjo, da tsagewa a gefen fuska da maɓalli ɗaya mai maƙewa. Amma kowa shaida ne, baiwar Allah ce mai haƙuri. Ta sha rabon shayi, ta sha faɗuwa daga kujera, ba ta taɓa kai ƙara ba. Aibinta ɗaya, zafi. In ta ɗauki aiki, fankarta kan yi wuuu, duk wanda ya ɗora ta a cinya kuwa sai ya miƙe babu shiri.

Babban aikin rayuwarta shi ne fim ɗin katun na Ɗan Zomo da Kaka Kunkuru, wanda Mai Zane ke haɗa wa 'yan ajin renon da ke ƙarshen layi, don su san abin yi in gobara ta tashi. Baba, mahaifin Mai Zane, shi ne ya matsa a yi shi. Tsohon ma'aikacin kashe gobara ne, ya kuma sha faɗa cewa yaro in ya ga wuta ba ya gudu, ƙarƙashin gado yake shigewa, a can ake tarar da shi. Shi ya yi muryar Kunkuru. Mai Zane ta lulluɓe shi da bargo, shi da Murhu, don kada ƙarar titi ta shiga, tsoho yana gumi yana mita, wai ya shiga gidaje suna ci da wuta bai taɓa galabaita haka ba.

Baba ya rasu bara. Tun daga nan, duk ranar da kewa ta ci ƙarfin Mai Zane, sai ta danna, Murhu ta buɗe baki da muryarsa: "Fito, ɗan jikana. Kada ka ɓuya. Yi ƙasa-ƙasa kamar ni, hayaƙi sama yake bi." Daga nan sai ɗan tari. Ta sha niyyar yanke tarin nan, hannunta ya ƙi.

Game da ciwon ajali: da aikin ya zo ƙarshe zafin ya tsananta, marigayiya ta riƙa suma ana farfaɗo da ita. Mai Zane, saboda tsabar ƙauna, ta ɗauko ledar ƙanƙara daga firji ta naɗe a tawul, ta ɗora majinyaciya a kai. Kai, ranar farko har murna aka yi! Ashe ƙanƙara na narkewa, raɓa na shiga ciki. Murhu ta yi ƙit, ta yi tsit, ɗan siririn hayaƙi ya fito ta gefe, ya kuwa bi sama kamar yadda Baba ya ce. Wadda ta ƙare rayuwarta tana gargaɗi a kan wuta, ruwa ne ya yi ajalinta.

An garzaya da ita wurin mai gyara. Ya buɗe, ya shinshina, ya cire tabarau, ya tambaya ko an kwafe aikin a wani wuri. Ba a kwafe ba. Ya ce a yi haƙuri, komai ya tafi.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da alƙalamin zane, da jaka mai ɓallallen zif. Ta bar kuma wani filas na kwamfuta, ɗan abin adana bayanai, sabo fil a cikin ledarsa, wanda aka saya don kwafe muryar aka yi ta cewa sai gobe. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su ambace shi. Ƙanin Mai Zane ya ambata, bai ji daɗi ba. Akwai kuma Ɗan Zomo, wanda Mai Zane ba ta kai ga zana fitowarsa ba, yana can ƙarƙashin gado. Wannan ne ke hana ta cin abinci. Zane dai za ta sake, hannunta na nan, amma wa zai kira shi ya fito?

Za a ajiye gawar a saman kabad, cikin bargon nan, domin Mai Zane ta rantse ba mai kai ta wurin 'yan gwangwan. Ana karɓar gaisuwa a falo. Wanda ya san yana da muryar Baba a wayarsa, ko da sallama ce, don Allah ya zo da ita.

Addu'ar rufewa kuwa a ajin reno za a yi ta, ranar da aka sa don nuna fim. Malamar ajin ta ce a ɗage, Mai Zane ta ce yara ba su da lokacin jira. Babu allo, babu katun. Ita za ta durƙusa a ƙasa ta yi rarrafe zuwa ƙofa, yara na bin ta, tana faɗin kalmomin Baba da bakinta. In ta yi shiru a wurin tarin, a jira ta.