Janar Rezo da Geron Dungu

Duk Matameye babu mai ilimin ordinata, wato kwamfuta, kamar Muntaka, kuma shi da kansa ya tabbatar mana da haka. Sati uku cur ya yi yana karatu a Damagaram. Tun da sojoji suka karɓi mulki ya ɗinka kaki, duk maganar da ta fito bakinsa kuma sanarwa ce. Muka sa masa Janar Rezo, wato janar na intanet, ya karɓa hannu biyu.

Rundunarsa ordinata ɗaya ce, ta ƙungiyar manoma. Da damina ta ƙi, da ordinatar za a aika sunayen gidajen ƙauyen Dungu zuwa Yamai kafin Alhamis, in ba haka ba babu geron agaji. Rabi, shugabar matan Dungu, ita ta bi gida-gida da ƙafa ta tattaro sunayen.

Ran Litinin gargaɗi ya zo daga masu manhajar da ke tafiyar da injin. Sun ce in tana share tsofaffin hanyoyin saƙo tana barin wata kafa a buɗe, ɓarawo daga nesa yana iya shiga. Gyaran kyauta ne, minti ashirin.

Janar ya ji haushi ƙwarai, don a ganinsa karɓar gyara amsa laifi ne.

"Sanarwa ta ɗaya," in ji shi. "Injin da ke ƙarƙashin ikona ba shi da kafa."

Amma da yake mutum ne mai hangen nesa, ya ƙara kwaɗo biyu a ƙofa, ya toshe taga da bulo, ya hana kowa shiga da takalmi. Rabi ta roƙe shi ya aika sunayen tun ranar. Ya ce sai Laraba, in baƙi sun taru sun ga yadda ake aiki.

Ran Laraba baƙi suka taru. Ya danna, ya sake dannawa. Wani da ba a san ƙasarsa ba ya riga ya shiga ya share komai. Har Alhamis ta wuce injin bai farfaɗo ba. Tausayin Rabi ya kama kowa a ɗakin, ban da mutum ɗaya.

"Sanarwa ta biyu. Daga ƙetaren teku aka kawo mini hari. Ki faɗa wa mutanen Dungu ba kowa ake kai wa irin wannan ba."

Rabi ta gyara lulluɓi.

"To, Janar. Zan faɗa musu. Shi harin, da gishiri ake dafa shi ko da kanwa?"