Giɓin Layin Baba Salifu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na gyara abin da bai lalace ba, a gaban rabin mutanen Nima. Shekaru kaɗan ne bayan Ghana ta samu 'yancin kai. Ina ɗan ashirin da 'yan kai, na gama koyon walda a Abossey Okai, kuma a ganina babu ƙarfen da ya fi ƙarfina a duk faɗin Accra.

Akwai wani guntun layin dogo a bayan unguwarmu, wanda a zamanin Turawa ake ɗauko dutse a kansa daga wurin fasa dutse zuwa cikin gari. An daɗe da rufe shi. Ciyawa ta cinye shi, awaki sun mai da shi wurin hutawa. Sai labari ya zo cewa za a ciccire ƙarafan a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe.

Baba Salifu ne ya ce bai yarda ba. Dattijo ne daga arewa, ya yi shekara talatin yana heluma, wato shugaban leburorin da ke kula da layin. Ya yi ta sintiri zuwa wani ofis a Adabraka har aka gaji da ganin hularsa, aka ba shi wata uku ya gyara layin. Wani jami'i zai zo ya hau sau ɗaya. In ya gamsu, a bar layin don 'yan makaranta da baƙi su riƙa hawa suna ganin ta inda dutsen da aka gina gari da shi ya biyo. In bai gamsu ba, a cire.

Kowace Lahadi muka riƙa fita, 'yan dako da teloli da masu shago, muna sare ciyawa muna canza ruɓaɓɓun katakan da ke ƙarƙashin ƙarfen. Baba yana gaba da 'yar gudumarsa, yana ƙwanƙwasa kowane mahaɗi yana saurare. Akwai kuma tsohon toroli, wato ɗan keken dogo mai benci ɗaya da ake turawa da hannu. Ni na gyara ƙafafunsa, aka yaba mini, kaina ya ƙara girma (da ma ba ƙarami ba ne).

Abu ɗaya ne ke ci mini rai. Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu, akwai ɗan giɓi a tsakani, kamar kaurin fensir. In toroli ya bi ta kai sai ka ji kwas, kwas, kwas. Na yanke hukunci a raina cewa ragwancin leburorin dā ne. Ban tambayi Baba ba. Ina ni ina tambayar mai guduma, ina da takardar walda?

Saura mako guda zazzaɓi ya kwantar da shi. Na je gaishe shi, ya ce, "Ɗana, ka duba mini layi. Share kawai, kar ka ƙara komai."

Na ce, "To, Baba."

Washegari na ɗoro tukwanen gas na maigidana, mai shagon waldar da nake aiki, a kan kura. Kwana huɗu ina durƙushe, ina cusa guntayen ƙarfe a kowane giɓi ina liƙewa, ina gogewa har ya yi sumul. Da muka gwada da sassafe, toroli ya tafi shiru kamar ana jan tabarma. Wani ɗan dako ya dafa kafaɗata ya ce, "Cale, abokina, ka iya aiki paa!" Na hana a gaya wa Baba, wai ina so ya ga abin mamaki.

An ce jami'in zai zo ƙarfe tara na safe, bai iso ba sai bayan azahar, cikin ranar nan ta watan Maris da ke sa kwalta ta yi laushi. An kai Baba can ƙarshen layi, an ajiye masa kujera a inuwar darbejiya don ya tarbi baƙo. Jami'in ya zo yafe da zanen kente mai sheƙi da takalmi sau ciki. Kafin ya hau, ba wanda ya tambaye ni, na matsa gaba na kira shi yadda muke kiran manyan ma'aikata, na ce, "Masa, yau ba za ka ji ƙara ko ɗaya ba. Ramukan da tsofaffi suka bari, ni na toshe su duka." Ya ciro ɗan littafi ya tambayi sunana. Na faɗa, har da sunan mahaifina, na leƙa in tabbatar ya rubuta daidai.

Da farko tafiya ta yi daɗi. Mutum huɗu suna turawa, ni ina gudu a gefe ina duban fuskarsa. Da muka gangaro kwanar da ke bakin babbar kwatar da dattin unguwa ke bi, sai na ga abin da ban taɓa gani ba: ƙarfen da na bari a miƙe da safe ya lanƙwashe gefe kamar maciji. Masu turawa suka ja baya, gangare ya ƙi. Toroli ya sauka daga layi a hankali, ya karkace, jami'i ya sulale cikin kwata har gwiwa. Bai ji ciwo ba. Takalminsa ɗaya ne dai ba a sake gani ba.

Baba ya taho yana dogara sanda. Ya sunkuya ya duba mahaɗi ɗaya, ya duba na biyu, ya ce, "Wa ya yi wannan?" Na lallaɓa bayan 'yan dako ina fatan a manta. Jami'in, yana ɗigar ruwan kwata, ya buɗe littafinsa ya karanta sunana da ƙarfi, har da na mahaifina.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ƙarfe in rana ya buge shi, yana miƙe jiki. Giɓi nan wurin miƙewan shi ne. Ka hana shi gaba, dole ya tafi gefe." Wallahi da mari ya yi mini da na fi samun sauƙi. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan ajiye idona.

Ba a yi wata ba takarda ta zo, a cire layi. Wanda ya sayi ƙarafan abokin maigidana ne, shagonmu aka ba aikin yankawa, maigidana kuma ni ya tura. Kullum Baba yakan zo da kujerarsa ya zauna yana kallo ina yanka shekararsa talatin gunduwa-gunduwa. A rana ta ƙarshe na tattara ƙarfin hali na je na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ɗauki wani guntu mai waldata, ya juya shi, ya ce, "Hannunka na da kyau, ɗana. Kunne ne babu."

Tun daga ranar, in na ga tsoho ya bar aiki kamar bai gama ba, nakan ajiye kayan aikina in tambaye shi. Wani lokaci ragwanci ne da gaske. Amma ban taɓa jin tambaya ta jefa kowa a kwata ba.