Ranar da Farfesan Lanƙwasa Ya Tsuguna a Ɗanzomo

Duk ƙasar Gumel babu wanda ya san sirrin jikin ɗan Adam kamar Malam Ilu Mai Katifa, kuma shi da bakinsa ya tabbatar mana da haka. Shekara ashirin bawan Allah yana bakin tasha yana taimaka wa jama'a su kwanta. Sai ƙanin matarsa ya kamu da masassara, Ilu ya karɓi takardar gayyatar da aka aiko wa ƙanin ya tafi Kano bitar kwana uku kan motsa jiki. Ya dawo da takardar shaida, da usur, da wandon 'yan ƙwallo wanda ya sha fama da tumbinsa har ya haƙura a rabin hanya. Daga ranar ya hana a ce masa Mai Katifa. 'Yan tasha, da yake mutane ne masu ladabi, suka naɗa shi Farfesan Lanƙwasa, shi kuwa ya amsa har da ɗaga hannu.

Ana nan sai aka ji wata ƙungiyar lafiya za ta buɗe shirin motsa jiki daga Gumel har Maigatari, tana neman wanda zai shugabanta. Farfesa bai tsaya jiran a kira shi ba. Ya karyar da sauran katifun, ya rufe shago, ya sanar da surukansa cewa an gama magana. Abu ɗaya ya rage, ƙungiyar ta ce kowane mai nema ya kawo bincike a kan jikin mutanen yankin.

Ya zaɓi Ɗanzomo, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Aka girke masa kujerar roba a inuwa, ya hura usur, ya yi jawabi.

"Jama'a, ilimi ya gano jikin ɗan ƙauye a sandare yake. Jijiyar bayan cinyarku ba ta taɓa shiga aji ba. Yau kowa zai sunkuya ya taɓa yatsun ƙafarsa ba tare da ya karya gwiwa ba. Wanda ya kasa kada ya ji kunya, don irinku na sha wahalar karatu."

Wani ya roƙe shi ya gwada musu yadda ake yi. Farfesa ya ce shi matakinsa ya wuce gwadawa, yanzu dubawa yake yi.

Ta farko Iya Hannatu ce, wadda jikokinta ma sun aurar da 'ya'ya. Ta sunkuya ta shimfiɗa tafukanta biyu a ƙasa, ta tsinci gyaɗa uku ta ɓare.

"Ɗan nan, in ɗago, ko in share wurin tunda na riga na sunkuya?"

Haka aka yi ta yi har mutum ɗari da goma sha biyu. Babu wanda ya kasa. Mutanen da suka kwashe damina suna duƙe a kan fartanya ba su ma gane ina jarrabawar take ba. Da wani malamin ne da gwiwarsa ta yi sanyi, amma ba namu ba. Nan take ya gano sabuwar cuta, ya raɗa mata suna yawan lanƙwasa, ya rubuta cewa ta cinye garin, kuma maganinta kowa ya riƙa zama a kan kujera.

Ranar gabatar da bincike ƙungiyar ta turo Malama Zulaiha, likitar gashin ƙashi, aka ce a haɗu a ƙofar gidan mai unguwa Ɗantsoho. To, shi mai unguwa ba a gaishe shi a tsaye. Likita da kanta ta cire takalmi ta durƙusa. Farfesa kuwa rabonsa da kai gwiwa ƙasa shekara biyar. Dattawa daga kan babur yake gaishe su, salla ma a kujera yake yi. Ya duba hagu, ya duba dama, ido duk a kansa. Ya yi bisimilla ya tsuguna. Gwiwoyinsa suka yi ƙara kamar an taka busasshen kara.

Mai unguwa mutum ne da ba ya gaggawa a gaisuwa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen Gumel, ya tambayi hanya, ya koma kan iyali ɗaya bayan ɗaya. Da aka ƙare, kowa ya miƙe ya koma tabarma. Farfesa ya yunƙura. Jiki ya ce bai san zancen ba. Ya sake yunƙurawa, ƙugu ya riƙe, gumi ya karyo.

"Kada kowa ya yi mamaki," in ji shi. "Manyan masana a haka suke gabatar da bincike. Yana buɗe ƙwaƙwalwa."

A haka ya karanta shafi tara kan illar yawan lanƙwasa, muryarsa na sirancewa shafi bayan shafi. Wallahi a nan ya ba ni tausayi, don hawaye ne sosai a idonsa, amma bai tsallake layi ko ɗaya ba. Da ya gama ya ce ba a tashi nan da nan, sai jini ya daidaita. Jini bai daidaita ba har aka kira azahar. Ƙarti huɗu daga cikin masu fama da cutar tasa suka ɗauke shi cak yadda yake, suka ɗora a amalanke.

Malama Zulaiha ta daddanna masa baya, ta ce babu karaya, zaman kujera ne kawai ya yi masa yawa, kuma zai warke idan ya riƙa miƙe jijiyoyinsa safe da yamma. Sannan cikin ladabi ta nemi izinin ɗaukar hotonsa don wayar da kan jama'a. Farfesa ya gyara hula, ya sa usur a baki, ya ce a tabbatar an rubuta sunansa cikakke.

Shugabancin dai wani malamin wasanni na Gagarawa aka ba. Amma a yi wa ƙungiyar adalci, ba ta manta da Farfesa ba. Yau duk asibitin da ka shiga daga Gumel zuwa Maigatari za ka ga takardar shirin a bango, da gurbin hoto biyu. A na farko ga shi nan tsugune a amalanke, an rubuta "Kafin a fara motsa jiki." A na biyu an rubuta "Bayan wata uku." An shekara biyu ke nan, gurbin fari fat yake.