Manhajar da Ta San Ubangidanta

"Ni fa in na taɓa gidan tarihin nan, sai baƙi sun yi layi daga Laranto har Farin Gada. Wanda bai samu shiga ba ya kwana a bakin ƙofa."

Haka Badruddeen ya faɗa a gaban shagona, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kurɓar shayina ba tare da na yi masa tayi ba. Abokina, in ba ka san Badruddeen ba, bari in haɗa ku. Maƙwabcina ne a unguwar Ali Kazaure, nan Jos. Ni ina ɗinki, shi yana liƙa wa wayoyi gilashi a shagon da ke jikin nawa. Amma kada ka kuskura ka ce masa mai gyaran waya. Injiniya ne, kuma shi ya naɗa kansa. Yana da tabarau wanda ba na magani ba, da jakar kwamfuta wadda na taɓa leƙawa na tarar da burodi da caja.

Wadda yake cika wa bakin nan ita ce Mama Kaneng, da ta zo karɓar ɗinki. Mahaifinta ya yi aikin haƙar kuza, ya mutu ya bar mata wani tsohon ginin dutse cike da tarkacen zamaninsa: fitilun shiga rami, kwanonin wanke kuza, tukwane, da wata ƙatuwar randa. Ita ta share wurin ta mai da shi ɗan gidan tarihi, tana yi wa baƙi bayani da bakinta. To baƙin sun yi ƙaranci, 'yan'uwanta kuma sun ce a kwashe kayan a ba masu dankalin Turawa ginin su yi sito. Dama ɗaya ta rage mata. Wata Madam Nwamaka, haifaffiyar Jos mai kawo masu yawon buɗe ido daga Abuja, za ta zo da ayarinta ranar Asabar ta ƙarshen wata. In wurin ya burge ta, za ta riƙa kawo baƙi. In bai burge ta ba, dankali ya ci gida.

"Oga Injiniya," in ji Mama Kaneng da Hausarta ta 'yan Filato, "ni ban san wannan abu na waya ba fa. Ni da bakina ne ina yi bayani."

"Mama, baki ai ya tsufa. Manhaja zan haɗa miki. Baƙo ya ɗaga wayarsa ya nuna wa tukunya, tukunya ta ba shi tarihinta. Ke dai ki samu kujera ki zauna kina murmushi."

Na yi mata ido, na yi tari, har na taka mata ƙafa. Ba ta gane ba. Matar da ke tsoron rasa gidan ubanta, ko aku ya ce zai taimaka sai ta saurare shi.

Daga ranar Injiniya ya rufe shago. Ya kalli bidiyoyin koyarwa har idonsa ya yi ja, ya samo wani shafi da ake loda hotuna a ce masa wannan kaza ne, wancan kaza ne. Kullum yana gidan tarihi da sabuwar hula yana ɗaukar hoto. Ya naɗi muryarsa a cikin shagona, ya hana ni taka keke wai ina ɓata masa sauti. Ya yi da Hausa, ya maimaita da Turancinsa mai tafiya da sanda. Ana gobe baƙi za su zo, ya bi bango ya ciccire duk takardun bayanin da Mama Kaneng ta liƙa da hannunta.

"A gwada mana mu gani," in ji ta.

Ya je ya tsaya a gaban randa, ya ɗaga waya sama, ya gyara tabarau. Sai waya ta ce, da muryarsa, "Wannan tsohuwar randa ce." Ya kashe ta tun ba ta ƙarasa ba.

"Kin ji ko? Sauran ma haka suke. Yawan gwaji na masu shakka ne."

Asabar ta zo da sanyin Jos mai shiga ƙashi. Na rufe shago na bi shi, don irin wannan kallo ba a ba ka labarinsa. Motar Madam Nwamaka ta sauke baƙi: matan Legas da manyan tabarau, wasu ɗalibai, da wani tsohon Bature mai gajeren wando, ƙafafunsa sun yi ja don sanyi. Injiniya ya tare ƙofa ya ce babu mai shiga sai an saka masa manhaja. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana turawa, suna tsaye suna karkarwa, shi yana yi musu lacca kan makomar fasaha a Afirka.

Da ƙyar aka shiga. Kowa ya buɗe manhaja. Sai ɗaki ya ɗauka da muryar Badruddeen daga kowace waya:

"Sannu da zuwa. Ina kwana?"

Baƙi suka yi murmushi, suka jira bayani. Shiru. Can sai waya ta sake cewa, "Ina kwana?"

"Sai kun amsa," in ji Injiniya yana washe baki. "Ku ce lafiya lau. Ni ba na haɗa manhaja marar tarbiyya. Ta yaya za ka faɗo wa tukunyar da ta girmi kakanka ba gaisuwa?"

Madam Nwamaka ta fassara musu. Suka ce lafiya lau, kowa da irin tasa.

"Ina gajiya?"

Lafiya lau.

"Yaya iyali? Yaya sanyi? Yaya aka baro mutanen gida? Yaya hanya?"

Abokina, gaisuwar da muke yi a bakin masallaci, wadda kake farawa a tsaye ka gama a tsugune, ita ya ɗura mata kaf bai rage ko ɗaya ba. Kuma da ka matsa daga fitila zuwa kwano, sai ta koma farko, wai ai sabon wuri ka shiga. Tsohon Baturen nan ya amsa lafiya lau har ya fara yi wa bango. Wata daga cikin matan Legas ta kai wayar bakinta ta daka mata tsawa da Turancin kasuwa cewa iyalinta lafiyarsu ƙalau, a ƙyale ta haka. Waya ta ce, "Madalla. Yaya yara?"

"Oga," in ji Madam Nwamaka da Hausarta tas, "mun gaisu. Har mun zama dangi. Yanzu ina tarihin?"

"Yana tafe, Madam. Ku nuna wa kaya kyamara."

Suka nuna. Wani ɗalibi ya saita fitilar rami. Waya ta yi jim, ta ce, "Ban waye ka ba." Aka nuna kwano, ban waye ka ba. Aka nuna tukwane, aka nuna ita kanta randar da ta yi magana jiya, duk ban waye ka ba. Ga bango fayau babu takarda ko ɗaya. Na waiga na ga Mama Kaneng a kan kujerar da aka ce ta zauna ta yi murmushi. Ba murmushi take ba. Ta zuba wa fitilar mahaifinta ido, hawaye ya cika mata ido. Wallahi ta ba ni tausayi, har dariyar da nake ɓoyewa ta koma ciki.

Gumi ya karyo wa Injiniya duk da sanyin nan. "Ba ku iya riƙewa ba ne," in ji shi. Ya nufi Baturen da sauri don ya gyara masa hannu, sai ya ratsa ta gaban kyamara.

Nan take waya ta washe murya:

"Wannan tsohuwar randa ce. Dubi faɗin bakinta, dubi girman cikinta."

Ni kuwa tela ne, ni nake awon Badruddeen duk salla, kuma ban taɓa ganin tef ya ja baya ba. Na san waya ba ta yi ƙarya ba.

Ashe duk hotunan da ya loda, na kansa ne. Ba ya iya ɗaukar abu ba tare da ya cusa fuskarsa a gaba ba, kayan tarihin kuma suna can bayan kafaɗarsa kamar 'yan rakiya. A gaban randa hasken taga ya fi yi masa kyau, don haka a nan ya fi yawan ɗauka. Manhaja ta duba ta duba, ta yanke hukunci cewa wannan fuska mai tabarau ita ce randa. Gwajin jiya ma kyamarar gaba ya kunna, kansa ya nuna.

Baturen bai sauke hannu ba, waya ta ci gaba: "A da ana ajiye ta a lungu, ba ta zuwa ko'ina, sai dai a zuba mata. Yanzu babu komai a cikinta. In ka ƙwanƙwasa za ka ji ƙara kawai."

"Kashe, kashe," in ji Injiniya, yana kare fuska da jaka.

Ina. Sauran baƙi sun gano inda tarihi yake. Duk suka juyo da wayoyinsu kansa. Ya yi dama, randa. Ya yi hagu, randa. Ya cire tabarau, ya cire hula, ya kumbura kumatu, waya ta ce randa. Ya ɓuya a bayan randar gaskiya ya leƙo da kai, ɗaki ya amsa baki ɗaya da muryarsa: "A kalla da ido, kada a taɓa. Gindinta ya tsage."

Madam Nwamaka ta zauna a ƙasa daɓas tana riƙe da ciki. Matan Legas suna share hawaye da gefen mayafi. Da ta samu numfashi sai ta jawo hannun Mama Kaneng.

"Mama, na kai mutane wurare da yawa, ban taɓa ganin sun ƙi fita ba sai yau. Ki mai da takardunki bango, ki yi bayaninki da bakinki. Zan riƙa kawo baƙi duk Asabar. Amma da sharaɗi: kada a gyara manhajar nan, kuma randar nan mai tabarau ta kasance tana nan."

"Madam, ni fa Injiniya ne," in ji Badruddeen, yana laluben ƙofa.

Mama Kaneng ta miƙe. Ta share idonta, ta kwance igiyar da ake kewaye kaya masu daraja da ita, ta zagaye shi da ita a natse.

"Kai ne ka cire takardana, kai ne ka rufe mani baki. In ka fita wannan ƙofa, dankali ya shigo, ni da kai ne. Tsaya nan, Oga Injiniya."

Ya tsaya. Baƙi suka yi layi, iyakarsa dai bakin ƙofa, kowa yana ɗaukar hoto da shi. Da aka zo kan tsohon Baturen, ya gaishe shi da lafiya lau, ya zagaya shi yana gyaɗa kai, sannan ya yi wata tambaya da fuskarsa ba wasa. Madam Nwamaka ta fassara tana cije leɓe:

"Wai yana tambaya, a wane rami aka haƙo wannan?"

Mama Kaneng ta dubi Badruddeen daga hula har takalmi.

"Faɗa masa ba mu haƙo shi ba. Da ƙafarsa ya zo."