Sallau da 'Yar Ja Mai Ƙofa Biyu

Sallau mutumin kirki ne, sai dai duk abin da ka faɗa masa, haka zai ɗauke shi ɗungurungum. Yana zaune da matarsa Kande da 'ya'ya uku a ɗaki ɗaya a Rigasa. Wuri biyar aka sallame shi daga aiki kafin wan Kande, Alhaji Barau dillalin motoci, ya ɗauke shi gadi, da sharaɗin in ya yi shirme uku zai koma ƙauye.

Ana nan sai aka kawo sabon samfurin wata 'yar motar gudu, ja wur, mai ƙofa biyu, wadda ko malamin makaranta in ya daure zai iya saya. Sallau ya kasa zaune ya kasa tsaye don murna, har gaishe ta yake yi da safe.

Wata rana Alhaji ya ce masa duk abin da ya ragu a motar ya cika, yana nufin ruwa da iskar taya. Sallau kuwa ya ji shi yana yi wa masu saye kuri cewa an rage mata nauyi kamar na buhun masara guda. Gogan naka ya kinkimo masarar Kande, ya danna a but ɗin motar. Alhaji ya riƙe kai, ya ce saura biyu.

Wata rana kuma Alhaji ya danna maɓalli, rufin motar ya naɗe kansa cikin daƙiƙa goma, abin da a tsohon samfurin sai mutum biyu sun yi gumi. Ya ce a bar shi a buɗe jama'a su gani, kada a rufe sai ya dawo. Sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Alhaji ya dawo ya tarar da Sallau jiƙe sharkaf, ya riƙe wa sitiyari lema, kujeru sun zama tafki. Saura ɗaya, Kande ta fara ɗaure kaya tana hawaye.

Wata rana wata likita, Dakta Rakiya, ta zo saye. Alhaji ya raɗa wa Sallau cewa duk abin da ya yaba a jikin motar, ya nuna mata. Can baki ya ɗebi Alhaji, ya ce sabuwar nan in ta ga mutum a gabanta da kanta take taka birki. Likita ta ja mota a hankali za ta gwada, ai kuwa Sallau ya yi tsalle ya tsaya a gabanta, yana washe baki. Mota ta yi ƙara ta tsaya cak, saura taku ɗaya.

Likita ta fito daga motar. Ta ce dillalai uku sun faɗa mata haka, ba wanda ya yarda ya tsaya a gaban mota. Nan take ta saya, ta ce za ta turo abokan aikinta.

Da ta tafi, Alhaji ya cafki wuyan rigar Sallau. "Kai Sallau, da ba ta tsaya ba fa?"

"Ai kai ka ce tana tsayawa, Alhaji."

Alhaji, wanda a takarda kawai ya karanta zancen, ya sake shi, ya zauna a kan benci. Can ya ce wa Sallau ya je ya gaya wa Kande ta kwance kayanta.