Jamaluddeen Mai Goyo da Ma'aikacin Biratisilaba

Ƙofar Jatau ta yi sa'a, wallahi. Unguwa nawa ce a birnin Zariya za ta bugi ƙirji ta ce ɗanta ya je Turai, bai tsaya nan ba, ya ƙara kutsawa wata Turan da ke cikin Turai? Mu muna da shi. Malam Jamaluddeen ke nan, jami'in tsare-tsare a wata ma'aikata, gwanin tafiya, masanin ƙasashe, wanda samarin unguwa saboda tsabar girmamawa suke kira Mai Goyo.

Ofishinsu ne ya tura shi taron ƙara wa juna sani a birnin Biyana, can Turai, shi da abokin aikinsa Nasrullahi na Gyallesu. Da aka ba su hutun wuni guda, sai ya hangi wasu 'yan yawon buɗe ido, kowa da ƙatuwar jaka a baya. Nan take zuciyarsa ta gaya masa ga danginsa na asali. Ya sayi tasa jakar, mai igiyoyi ta ko'ina kamar akuyar da za a kai kasuwa. Da safe suka hau jirgin ƙasa zuwa Biratisilaba, babban birnin Silobakiya, kafin magariba sun dawo. Wuni ɗaya tak. Amma kada ka raina wunin nan, don mu shekara ta zagayo muna kwasar albarkarsa.

Abin da ya faru a can, daga bakin Nasrullahi muka ji. Ruwa aka wuni ana yi. Tsohuwar fadar da ke kan tudu, daga ƙasa gwanin namu ya kalle ta, ya ce gwiwarsa ba ta son hawa. Babban kogin garin kuwa ya yi masa adalci, ya yarda ya ɗan fi rafin Kubanni na nan Zariya. Abincin Turawa bai ga wanda ya amince da shi ba, sai ya laɓe a barandar wani kanti ya ci ƙuli-ƙulin da mahaifiyarsa Hajiya Batulu ta ƙulla masa.

Sai babban al'amarin. A wata kwana cikin tsohon gari, suka tarar da wani mutum da hular kwano, ya fito daga ramin kwata zuwa ƙirji, ya ɗora haɓarsa a kan hannuwansa yana murmushi. A lokacin Jamaluddeen yana da sauran tarbiyyar gida. Ya sunkuya ya ce, "Sannu da aiki." Shiru. Ya maimaita da Turanci. Shiru. Nasrullahi dariya ta shaƙe shi, da ƙyar ya ɗauki hoto, ya buɗe baki zai ce mutum-mutumi ne na tagulla. Jamaluddeen ya ɗaga masa hannu ya ce, "Kada ka dame shi, yana bakin aiki." A jirgi Nasrullahi ya sake gwadawa, aka ce masa ya yi shiru, ana nazari.

Sakamakon nazarin muka samu a majalisar ƙofar gida, a madadin tsaraba.

"Kun san abin da ya kashe mu a ƙasar nan? Gaisuwa!" in ji shi. "Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, yaya ƙafar Baba. Rana ta take ba a yi komai ba. Mu can Biratisilaba, na ga ma'aikaci da idona a cikin kwata, ana tsuga ruwa, jikinsa ya yi baƙi ƙirin saboda aiki. Na gaishe shi, ko ƙifta ido bai yi ba. Shi ya sa wutarsu ba ta ɗaukewa."

Kai, ilimi! Mu da muka tsufa muna zargin injinan wuta, ashe "ina kwana" ce ta jefa mu duhu.

Daga ranar ya soke gaisuwa. Ka ce masa "barka da asuba", ya ɗaga gira ɗaya, in kana da matsayi ya ɗaga biyu. Jakar kuwa ta zama ƙari a jikinsa. Da ita yake zuwa ofis, da ita suna, da ita ta'aziyya. A masallaci sai an roƙe shi yake sauke ta, ya jingine ta a gabansa yana satar kallonta. Me ke cikinta ta kumbura haka? Allah masani. Mun dai ji Hajiya Batulu tana cigiyar matashin kanta.

To, akwai Khairat, malamar asibiti a Ƙofar Kuyambana, 'yar Malam Zulkiflu, tsohon alƙalin da ya yi ritaya ya koma karantar da manya a zaurensa. Tun kafin Turai take son Jamaluddeen, so na gaskiya, shi ma duk duniya bayan jakar ita yake so. Ta sha kunyarsa har ta gaji. Da Malam ya ce yaron ya zo ya gan shi kafin a yi maganar turo magabata, sai ta kira shi a waya.

"Don girman Allah, Jamal, ka bar jakar nan a gida. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka gaishe shi yadda ake yi. Baba ba ya ba mutum dama sau biyu."

"Khairat, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Malam mai ilimi ne. Zai gane ɗan'uwansa."

Ranar Asabar bayan la'asar ya iso, da jaka, da wani takalmin hawan dutse mai igiya har ƙauri. Zauren Malam irin na da ne, ƙofarsa ba ta san Turai ba. Gwanin ya shiga, jakar ta ƙi. Ya ja, ta ja. Sai da ya karkace ya shiga a kaikaice, yana goge farar ƙasar bango da kafaɗa. Dattawa suna zaune da littattafansu, kowa ya bar karatu. Takalmin bai ciru ba, don kwance shi aikin wuni ne. Durƙuso kuwa bai taso ba. Yana tsaye ƙiƙam ya miƙa wa Malam hannu, kamar sun haɗu a filin jirgi.

Malam ya dubi hannun, ya bar shi a inda yake. Shi da kansa ya fara gaisuwar.

"Ina wuni, Jamaluddeen? Yaya Hajiya?"

"Malam, mu taƙaita, lokaci na tafiya," in ji gwanin. Ya zuba huɗubar nan tasa daga farko har wutar lantarki, ya zaro waya ya buɗe hoton. "Ga shi nan, Allah gafarta Malam. Wannan bawan Allah shi ya buɗe mini ido."

Malam ya gyara tabarau, ya duba da kyau, ya miƙa wa na kusa da shi. Waya ta zaga zaure, gemu yana rawa bayan gemu.

"Khairat ta taɓa nuna mini shi," in ji Malam. "Mutum-mutumi ne, na tagulla. In bai amsa gaisuwa ba yana da uzuri, maƙeri ne ya yi shi. Kai kuwa Hajiya Batulu ce ta haife ka, na kuma san ta da gaisuwa."

Nan fa ilimin Biratisilaba ya zube. Gwanin ya tuna da durƙuso, ya kai ƙasa da sauri, jaka ta ce ba ta san zancen ba. Ta fizge shi ta baya, ya faɗi rigingine, takalma a sama. Bakin jakar ya buɗe, matashin Hajiya ya leƙo waje. Wani dattijo ya ce masa, "Sannu," shi kuwa ya amsa har sau biyu.

Khairat ta yi kuka, don ta so shi. Da ta share hawaye sai ta ce ta haƙura da maganar auren. Yanzu dai muna ganin Nasrullahi yana yawan bi ta Kuyambana da yamma, tun daga bakin layi yake cire takalmi.

Jakar tana rataye a madafin Hajiya Batulu, an zuba mata busasshiyar kuɓewa. Jamaluddeen kuwa ya dawo gaisuwa da ƙarfinsa, har mai rake sai ya tambaye shi yaya iyali. Makon jiya ya koma zauren Malam neman afuwa, ba jaka, ba takalmi. Ya durƙusa tun daga ƙofa, ya jero ina wuni, ina gajiya, yaya ɗalibai, yaya ƙafa. Malam ya ɗora haɓa a kan hannuwansa, yana kallon littafi yana murmushi, ko ƙifta ido bai yi ba.

Dattijon da ke gefe ya matso ya raɗa masa, "Kada ka dame shi, yana bakin aiki."